Rigar Gwajin Madam Salomé

Wajen ƙarfe goma na safe ne. Ruwan da anka yi da asuba ya ɗauke, rana ta fito da zafinta na ƙarshen damina, irin wanda ke sa ƙasa ta riƙa turiri. Na jawo keken ɗinkina bakin ƙofa don in samu haske, ina goge masa laima, sai ga Estelle ta tsallako ramin da ruwa ke kwanciya gaban shagona, takalmanta a hannu ɗaya, leda a ɗaya hannun.

"Tela, bonjour! Har yanzu ba ka cike ramin ga ba? Wata rana amarya za ta faɗa ciki, ka ga ta kanka."

"Amarya ta san hanya," na ce mata. "Ina kwana? Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Karɓi nan."

Estelle ɗiyar Madam Salomé ce. Tare munka shiga lakwal, wato makarantar boko, a nan Dogon Dutsi, ajin uwarta kuwa. Ni na tsaya a aji huɗu na koma wajen ɗinki, ita ta wuce har ta samu aiki a kantin magani. Katanga ɗaya ta raba gidansu da namu. Su Kirista ne, mu Musulmi, amma in anka yi layya can naman farko yake zuwa, in anka yi Nowel kuma mu ba mu ɗora tukunya.

Tun watan huɗu ya kamata a ɗaura aurenta da Nathanaël, wani malamin gona na Guéchémé. An sayi atamfar anko, an raba wa dangi, sai korona ta shigo, anka rufe majami'u da masallatai da lakwal, anka ɗage bikin. Yanzu an sake sa rana, Asabar ta farkon watan goma. Saura kwana goma sha biyu.

Na buɗe ledar. Turmin atamfa ne, kore mai ratsin ruwan ƙwai, da wata tsohuwar riga shuɗiya a ninke a kansa.

"Ta Maman ce," in ji Estelle. "Ita kaɗai ta rage ba a ɗinka ba."

Mu nan tela namiji ba ya sa igiyar awo a jikin matar da ta isa haihuwarsa, ko matar wani. Rigar da ta yi mata daidai take aikowa, muna ce mata rigar gwaji. Ka shimfiɗa ta kan sabon yadi, ka bi da alli, ka yanka. Maigidana Sama'ila da ya koya mini aikin yakan ce in mace ta aiko gwaji to ta gama magana, kar in tambaya, kar in ƙara nawa, idona ya tsaya kan allura.

Na san shuɗiyar rigar nan, ni na ɗinka ta don Nowel ɗin bara. A lokacin Madam mace ce mai jiki, in ta tsaya ƙofar aji sai haske ya ragu a ciki. Kuma tana jin daɗin abinta. Tafiyarta ma daban ce, ba ta sauri don kowa. Mijinta Markus, da muke ce wa Mushe Markus, wato Monsieur, yakan ce duk mai son sanin ko akwai hatsi a gidansa ya dubi matarsa ya huta da tambaya.

"Wagga ce gwajin?" na tambaya.

"Ita ce. Ta ce ka bi ta daidai, kar ka rage ko yatsa guda."

Estelle ta zauna bakin benci tana kankare laka daga takalminta da tsinke. Da ta sake magana, wasan ya fita daga muryarta.

"Ta ce ma ba ta zuwa majami'a. A ɗinka dai don kar a ce ba ta yi anko ba. Wai za ta tsaya gida wajen tukwanen girki."

"Uwar amarya?"

"Uwar amarya. Kuma ka san ita ke ɗaga waƙar shiga a koral, ƙungiyar mawaƙan majami'a. Shekara ashirin tana ɗaga wa ɗiyan mutane, ranar tawa ta ce tukwane. Tu te rends compte? Ka ji wannan?"

Na ce Allah shi kyauta.

Abin da ya faru duk unguwa ta sani, ko da ba a faɗa gabanta. Mushe Markus a Yamai yake aiki. Da ciwon ya zo anka rufe birnin, ba shiga ba fita, shi yana can, kuma yana da ciwon suga. Kullum rediyo na faɗin irin waɗanda cutar ta fi kayarwa, kullum sai an ambaci masu suga. Ta bayan katanga ina jin rediyon Madam tun safe har a kira magariba, ina jin ta tana kiran wayarsa, in bai ɗauka ba ta sake, ta sake. Ina jin ƙarar buta tana wanke hannu, sau nawa a yini ban iya ƙirgawa ba. Abinci kuwa Estelle ta ce sai dai ta jagwalgwala ta ture.

Da anka buɗe hanya Mushe ya dawo lafiya lau, har da ɗan tumbi ya ƙaro don zama wuri ɗaya. Amma cin abincin Madam bai dawo tare da shi ba. Ta yi ta ramewa. Mata wajen famfo sunka fara magana, wasu su ce korona ce ta kama ta ana ɓoyewa, wata tsohuwa ta ce doguwa ce ta shafe ta. Ranar wata kasuwa mai tumatir ta ja tirenta baya da ta ga Madam ta sunkuyo. Daga ranar ba ta sake zuwa kasuwa ba. Takunkumin baki da na ɗinka mata guda shida farkon ciwon, kowa a gari ya daɗe da jefar da nasa, ita kaɗai ba ta cire ba. In na hango ta daga nesa, a lulluɓe take, zane kan zane.

Duk na san wannan. Amma an aiko gwaji, an ce kar in rage. Na shimfiɗa, na bi da alli, na yanka. Kwana uku na gama, na yi mata aiki mai kyau, Estelle ta zo ta ɗauka, ta manta shuɗiyar rigar a kan teburina.

Kashegari da azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga hanya, ina cin ɗan wake a bakin ƙofa, inuwa ta faɗo a kaina.

"Is'haƙa."

Na miƙe tsaye kamar a aji. Muryar ba ta canza ba ko kaɗan.

"Madam. Sannu da rana."

Ta shigo. Takunkumi a baki, kallabi har gira, babban mayafi, kuma ta wuyan rigarta ina hango rigar sanyi a ciki, cikin wannan zafin. Ta fitar da sabuwar rigar daga leda ta jefa kan tebur.

"Mi na aiko maka?"

"Gwaji, Madam."

"To mi ka ɗinka mini? Buhun gero? Kafaɗa na zuba, wuya ya buɗe, mutum biyu na shiga ciki su yi hira. Ka ɓata mini atamfa."

Shuɗiyar rigar na nan a ninke ƙarƙashin almakashi. Har na ɗora hannu a kanta. Da na shimfiɗa ɗaya kan ɗaya kowa zai ga ko zare bai bambanta su ba. Sai idona ya sauka kan hannunta da ta dafa tebur. Agogonta ne, wanda take duba mana lokacin fita hutu da shi. An huda wa maɗaurin sababbin ƙofofi biyu da ƙusa, duk da haka yana zamewa zuwa bayan hannu.

Na janye hannuna.

"Kuskurena ne, Madam. Almakashi ya zarce."

Ta dube ni, irin duban da take wa yaron da ya kwafi aikin wani. Idonta ya je kan shuɗiyar rigar, ya dawo kaina. Sai ta ja benci ta juya shi yadda bayanta zai ba dogon madubin shagona, ta zauna.

"Tun kana aji ɗaya ba ka iya ƙarya ba," ta ce. "Akwai ruwa?"

Na ɗebo mata daga tulu. Ta sauke takunkumin don ta sha. Ranar na fara ganin fuskarta bayan wata biyar. Kumatun sun tafi, idon ya ƙara girma. Madam ce dai. Na mayar da idona kan keke.

"Mushe na lahiya," ta ce, kofin a cinyarta. "Kowa na lahiya. Likita ya auna ni sau biyu, ya ce ba ni da komi, tunani ne. Na sani. Amma in na kai loma baki sai in ji kamar rediyon nan na magana cikin cikina. Madubin ɗakina tun watan biyar bango yake kallo. Wadda ke ciki ban san ta ba, Is'haƙa. Kamar wata baƙuwa ta sa kallabina."

Kaza ta leƙo ƙofa ta koma.

"Dangin Nathanaël za su taho daga Guéchémé mota biyu. Sun san ni da jikina. Su ga wannan su ce mi? Su ce gidan ga da ciwo ɗansu ya shiga, ko su ce Markus ba ya ciyar da ni. Ba zan tsaya gaban mutane ɗari in zama abin nuni ranar ɗiyata ba."

Ta ajiye kofin, ta jawo sabuwar rigar, ta shafa kafaɗarta.

"Na ga kuna sa wa rigunan amare soso nan. Ka sa mini. Kafaɗa, ƙirji, gefe da gefe. Ka cika ta har ta zauna yadda ta bara ta zauna. In ta zauna in tahi majami'a. In ba ta zauna ba, tukwane."

"Ana yi, Madam," na ce. "Sai dai sai na san iyakar jikin kafin in san yawan soson. In na yi da ka, gefe ɗaya zai fi ɗaya."

Ta dubi igiyar awon da ke rataye a wuyana.

"Ba mai sa mini wannan. Ni na koya maka lambobin da ke kanta, ba na son jin ko ɗaya."

"To ai ni ban san ko ɗaya ba," wata murya ta ce daga ƙofa.

Yayata ce Zalihatu, wadda ke tuyar awara a gindin dogon yaron da ke gefen shagona. Ashe ta gama, tana wanke kasko, duk maganar a kunnenta. Yaya Zali tun haihuwa siririya ce, a gida Kara muke ce mata, kuma ba ta taɓa taka lakwal ba, a Kiéché ta tashi wajen kakarmu. Ba ta san ɓoye magana ba.

"Ki yi haƙuri, Madam, kunne ba ya rufuwa," ta ce tana goge hannu da zane. "A Kiéché da tsumma muke awo. A zagaya, a ƙulla. Ƙulli ba ya faɗa wa kowa komi."

Ba ta jira amsa ba. Ta tona kwandon ƙyallayena, ta zaro wani dogon bakin yadi, ta yage shi siriri kamar igiya.

"Kai, hita waje. Madam, bismilla bayan labule."

Na zaci Madam za ta tashi ta tafi. Ta daɗe tana kallon tsumman. Sai ta miƙe.

Na koma gindin dogon yaro na zauna kan turmin Yaya Zali. Shagon ƙarami ne, ƙofa a buɗe, ba yadda zan yi in ƙi ji.

"Cire wanga. Da wanga. Innalillahi, akwai wani? Cikin zahin ga? Madam, ke albasa ce?"

"Zalihatu, ki kiyaye ni."

"Ina kiyayewa. Ɗaga hannu. To mi ne abin ɓoyo nan? Wallahi har yanzu kin fi ni nama. Ni shekara talatin ina yawo da ƙashin ga, na haihi uku, iska bai taɓa ɗauke ni ba."

"Ke haka anka san ki."

"To ke ma a san ki mana."

Na ji wata 'yar dariya gajera, ta hanci, ban san ta wace ce ba.

Da sunka fito Madam ta mayar da kayanta duka, har takunkumin. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Alhamis," ta fita, ta zagaye ramin ta wuce. Yaya Zali ta miƙo mini tsumman. Ƙulli biyar. Ta nuna mini su ɗaya-ɗaya tana taɓa jikinta: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawo.

"Kar ka kuskura ka gwada shi da igiyarka," ta ce. "Na yi mata alkawari."

Na cire igiyar awo daga wuyana na sa ta aljihun keke. Har yau ban san lambar ba.

Yini guda na yi ina juya maganar rigar a raina ban taɓa ta ba. In na ɗinke soso a jikinta, shi ke nan, ta zama rigar rana ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa sa soso a watan goma ya san abin da zafi ke yi masa. In ban sa ba, na ƙi abin da ta ce, ta koma wajen tukwane, laifin nawa. Maigida Sama'ila bai taɓa faɗa mini abin da ake yi ba in gwajin da mai rigar sun rabu.

Kashegari na farke ɗinkin duka, na sake yanka ta kan ƙullin. Yadin da ya rage na tattara shi a hannuwa, sunka yi cika, na yi mata 'yar tattara a ƙugu. Bayanta ban sa zip ba, na huda ƙofofi layi biyu na zura igiya, irin wadda za a sassauta ko a ja. Cikin ɗinkin gefe na bar yadi yatsa uku a ninke, ko da wata rana za a nema. Sannan na ɗauki farin yadin shafi na yi wata 'yar rigar ciki daban, na jera mata soso a kafaɗa da ƙirji da gefe, na bi shi da ɗinki layi-layi don kar ya dunƙule. Na yi ta tsakani da Allah, ban yi ta don ta ƙi ta ba. In an sa ta a ciki an sassauta igiya, rigar za ta zauna kamar ta bara.

Ranar Alhamis na ba Yaya Zali ta kai.

"Ki ce mata ga riga, ga ta ciki. In ta sa ta ciki ta sassauta igiyar baya."

"In ba ta sa ba hwa?"

"Wannan ba a aiko ni in faɗa ba."

Ta harare ni ta tafi. Da ta dawo ta ce Madam ta juya su, ta latsa soson da yatsa, ta sa duka a akwati, ba ta ce komai ba. Ranar Jumma'a Estelle ta wuce da lalle a ƙafa, ta ɗaga mini kafaɗa daga nesa, alamar ita ma ba ta sani ba.

Asabar ta zo da rana tun da wuri, ba gajimare ko ɗaya. Yaya Zali tun asuba tana gidan su Madam wajen girki tare da matan unguwa. Ni na sa rigata ta Jumma'a, na bi maƙwabta munka tsaya inuwar da ke tsallaken ƙofar majami'a, inda mukan tsaya in ana bikinsu. Motocin Guéchémé sun iso, an sauke tsofaffi, ko'ina kore da ruwan ƙwai. Rabin rigunan nan ta ƙarƙashin allurata sunka bi, ina gane su ɗaya-ɗaya. Amarya ta iso cikin farar riga. 'Yan koral sun yi layi biyu a bakin ƙofa, mai ganga ya ɗora hannu kan fata yana jira.

Ba Madam.

Anka jira. Estelle na ta waiwayen hanya. Wata matashiya cikin koral, Magdalena, ta matso gaba tana gyaran murya, da alama ita anka ce ta ɗaga in abin ya kai haka. Na ji ba daɗi, na fara tunanin da na ɗinke soson a jikin rigar kawai yadda ta ce.

Sai wani kusa da ni ya ce, "Ga Mushe can."

A ƙasa suke tahowa, Mushe Markus da kwat ɗinsa, Madam a gefensa. Ba mayafi, ba takunkumi. An ja igiyar baya har ƙarshe, rigar ta bi jikinta, hannuwan sun tashi kamar yadda na so. Siririya ce, ba mai cewa ba haka ba. Amma tafiyar tata ce, wadda ba ta sauri don kowa.

Surutu ya ragu. Ina ganin kawuna na juyawa. Wata tsohuwa cikin dangin ango, mai sanda, ta tare hanya ta ɗaga kai tana ƙare mata kallo, ta yi magana da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi.

"Salomé? Ke ce? Kin rame!"

Na ga hannun Madam ya tashi zuwa bakinta, inda takunkumi yake zama, ya tarar ba komai, ya sauko.

"Na rame, Inna," ta ce. "Tunani ne ya ci ni. Amma ga ni."

"To ba ciwo ba?"

"Ba ciwo ba."

"Ahaf. Gero ya nuna, ki taho Guéchémé sati biyu mu ɗura miki hura. Wuce, kin tsayar da mutane."

Anka yi dariya, har da Mushe. Magdalena ta koma layinta. Madam ta tsaya gaban koral, ta dubi ɗiyarta, ta ja numfashi, ta ɗaga.

Ni ban san waƙoƙinsu ba. Amma muryar nan na san ta, ita ce ta koya mini ƙirga ɗaya zuwa ɗari, kuma ranar ta kai har tsallaken hanya inda muke, ba ta rage komai ba. Ganga ta shiga, layi ya motsa, Estelle na tafe tana goge ido da bayan safar hannunta. Munka tsaya har sunka shige, sannan munka koma unguwa jiran shinkafa.

Sai da yamma, muna zaune tsakar gida ana rabon abin da anka aiko, Yaya Zali ta ba ni labarin abin da ya tsayar da su.

"Ta sa abinka hwa," ta ce. "Ni na ɗaura mata. Ta juyo da madubi da kanta, ta duba, ta ce yawwa, ga Salomé. Har ta ɗauki jaka. Sai ta ce bari ta gwada waƙar. Ta ɗaga, numfashi ya tsaya mata rabi. Soson ya riƙe ƙirji, zufa kamar an watsa mata ruwa. Ta sake, ya tsaya. Sau uku. Ta zauna bakin gado, ni ina tsaye, Mushe na ƙofa yana duban agogo. Can ta ce, Zalihatu, kwance ni. Na kwance, ta cire shi, ta mayar da rigar. Ta ce ja. Na ja. Ta ce ƙara ja."

"Ta sake duba madubin?"

"Ta duba. Ba ta ce yawwa ba. Ta dai gyara kallabi ta ce mu tahi."

"Ta ci abinci wajen biki?"

"Rabin faranti. Ni na zuba, ni na ɗauke. Kai kuma mi ya dame ka, likita ne kai?"

Rigar soson tana wajen Yaya Zali. Madam ta ce ta yi yadda ta so da ita, Yaya Zali kuwa ta naɗe ta ta yi gammo. Ta ce ba ta taɓa samun wanda ya kai shi taushi ba, kullum da shi take ɗauko kaskonta da itace.

Shuɗiyar rigar kuwa ta yi ta zama kan teburina, ba wanda ya zo nema. Na kan ɗauke ta in goge ƙura in mayar. Ana saura kwana biyu a koma lakwal, aiki ya yi sauƙi, na ɗauko tsumman nan mai ƙulli biyar daga ƙusar da na rataye shi. Ban sa almakashi ba. Na ninke gefe da gefe zuwa ciki na bi da ɗinki, na ɗage kafaɗa, na rage wuya, duk yadin yana nan a ɓoye, zare ɗaya za a ja ya dawo. Na goge ta, na sa a leda, da la'asar na ɗora kan katangar da ke tsakaninmu na danne da dutse. Da na leƙa bayan magariba ba ta nan.

Ranar komawa lakwal, wajen bakwai da rabi, yara na ta wucewa da sababbin jakunkuna, ina buɗe shago. Sai ga ta tafe cikin shuɗiyar rigar, littattafai a hammata, agogon nan yana zamewa a hannunta. Na gaishe ta. Ta tsaya bakin ramin, ta dube shi, ta dube ni.

"Is'haƙa, ramin ga sai yaushe?"

"Yau, Madam."

Ta zagaye shi ta wuce. Na shiga gida na ɗauko shebur.